Shekarar da Na Sauka Daga Motar Tukwane

Ƴaƴana, da ku jikoki da kuka tashi kuka tarar da maganar ta riga ta tsufa, ga yadda abin ya faru. Na ji ana cewa ni da Sesil mun yi faɗa a kan tukunya, wai fushi ya sa na bar masu ziyara da yunwa a tsakiyar daji, wai har Baba Piyer ya mutu a dalilina. Baba Piyer ya daɗe a duniya bayan wannan tafiya, ya aurar da jikarsa, ya ci naman bikin da haƙoransa. Ni da Sesil kuwa ba mu taɓa ɗaga wa juna murya ba. Na bar maganar tana yawo don ba ta hana ni cin tuwo, amma yanzu ta shigo gidana, na ji ta a bakin yaran da na goya. Shi ya sa na ce wa ɗiyata Monik ta zauna ta rubuta yadda nake faɗi, kada ta gyara mini baki.

A wancan zamani, duk shekara in kaka ta wuce, an ɗaure hatsi an kai rumbu, mutanen majami'armu sukan tafi ziyara da ƙafa. Daga nan unguwarmu Harobanda ake tashi. A bar kogi a baya, a bar gudro, wato titin kwalta, a shiga tuddan nan na jan dutse da kuke hange in kun tsaya kan gada. A kwana a hanya, a tashi, a sake kwana, a sake tashi, har a kai wani dogon dutse can ƙasar Gurma wanda muke kira Dutsen Maryamu. Mai tafiya ba ya ɗaukar komai sai carbi da gorar ruwa da sanda. Abincinsa yana cikin kamiyo, babbar motar kaya. Kamiyo ba ya iya bin hanyar ƙafa, sai ya zagaya ta gudro da hanyar amalanke, ya riga mutane zuwa zango. A bayan kamiyon nan akwai tukwane, akwai buhunan shinkafa da wake da garin rogo, akwai bidon mai, wato jarka, akwai mata. Ni ce babbar matan. Uwar tukwane ake kirana, har wasu yara ba su san sunana Tereza ba.

Aikinmu shi ne mu riga kowa tashi mu dama kunu. Masu tafiya su sha, limaminmu, wanda muke kira Mompe, ya sa musu albarka, su ɗaga gicciye su fara waƙa. Mu tsaya da ludayi a hannu muna kallon bayansu har duwatsu su haɗiye su. Daga nan sai wanke-wanke, sai lodi, sai jijjigar mota. In mun isa zangon gaba mu nemi itace, mu jawo ruwa, mu kafa murhu, don in sun iso da yamma ƙafafu a kumbure su tarar da abu mai zafi. Ranar ƙarshe ita ce mai nauyi, domin mutanen ƙauyukan wurin ma sukan zo. A ranar kowa yakan hau dutse yin lamesi, babbar addu'armu ta majami'a, mu muna gindi muna tuƙi. In an gama, Mompe ya sauko ya ba mu kominiyo, gurasar nan mai tsarki, a bakin murhu, hannuwanmu duk toka. In an dawo gida a lissafa mu cikin waɗanda suka yi ziyara, a yi mana sannu da hanya. Haka na yi tun Monik tana goye a bayana har ta goya nata ɗan.

Wata shekara bayan mun dawo, maƙwabciyarmu Hajiya Mariyama, mai sayar da atamfa, ta shigo yi mini barka. Ita ba ta daɗe da dawowa daga Makka ba, bakinta cike da labarin gudun da suka yi tsakanin duwatsu da yadda ƙafarta ta sale. Ta zauna bakin tabarma ta ce:

"Sannu, hajiyar Kirista. To, ba ni naku. An ce akwai wurin da sai da rarrafe ake wucewa, gaskiya ne?"

Da ƙyar na ce mata gudron dai yana da ramuka.

Ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. Ba da mugunta ta yi ba, mace ce mai son dariya. Ni ma na taya ta. Amma da ta fita na zauna na duba, na ga duk abin da na sani na hanyar nan shi ne inda ake samun busasshen itace da inda rijiya take. A cikin ranin nan kuma gwiwata ta hagu ta fara kumburi. Lokotoro, wato likita, ya matsa ta, ya lanƙwasa ta, ya ce abin ba ya komawa baya, sai dai gaba. Bai ce mini yaushe ba, ni ma ban tambaya ba.

Da damina ta ɗauke na gaya wa ubanku Andire cewa bana da ƙafa zan yi ziyarar. Yana zaune ƙofar ɗaki yana dafa shayi, radiyo a cinyarsa. Ya rage murya ya dube ni.

"Da wace gwiwar? Wadda ba ta kai ki kasuwa sai kin nemi wurin zama?"

"Shi ya sa nake son bana."

"Wa zai ciyar da mutane?"

"Wanda zai ciyar da su ranar da na mutu."

"Ai ba ki mutu ba, Tereza."

Monik tana wanke kwanoni tana jinmu. Ta ce:

"Inna, in alkawari kika yi wa Maryamu, a gaya wa Mompe ya sauya miki shi da wani abu. Ana yi."

Na ce mata ban yi alkawari ba. Ba wanda ya yi ciwo a gidan nan na roƙa masa lafiya, ba abin da ya ɓace mini. So nake in taka, shi ke nan. Ku riƙe wannan, don a nan maganar ta karkace. Da na ce alkawari ne, da kowa ya yi shiru, domin ba mai shiga tsakanin mace da alkawarinta. Amma ban yi ba, kuma ban iya ƙarya da sunan Uwar Yesu. To, mutane ba su yarda cewa tsohuwa za ta ajiye muciya don kawai tana son tafiya ba, sai suka nemo mini wani dalili, suka ce fushi.

Katashis Zozef, malamin da ke koyar da addini a majami'armu, wanda ke shirya tafiyar, ya zo har gida. Mutum ne mai haƙuri, magana a hankali, kullum da hula a hannu in zai yi wa babba zance. Ya ce ciyar da mai ziyara shi ma ziyara ce, ladan ɗaya ne. Na ce na yarda, na kuwa tara wannan ladan da yawa, bari in ɗanɗana ɗayan. Ya ce wa zan bar wa tukwane. Na ce Sesil.

Sesil kun san ta, ita ce kuke kira Tanti. Bagurmiya ce, tana sayar da dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, a kasuwar Lazare. Tana amarya aka kawo mini ita bayan kamiyo, ko hura wutar jiƙaƙƙen itace ba ta iya ba, ta zauna a hannuna har ta zama ita ce ta biyu. Yaya take ce mini. Na kira ta gida na nuna mata komai da na tuna: awon kunu, awon shinkafa, wanda ake gaisarwa a kowane ƙauye kafin a taɓa guga, matan da ba a haɗa su murhu ɗaya. Tana ji tana gyaɗa kai. Da na gama ta ce:

"To, Yaya."

Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban lura cewa ba ta ƙara ba.

Ranar tashi na tsaya cikin layi da kofina kamar kowa. Sesil ta zuba mini kunu, ta ƙara rabin ludayi ba ta dube ni ba. Mompe ya sa albarka, aka ɗaga gicciye, muka tafi. Kafin rana ta yi tsaka na koma can baya. A ziyarar nan akwai al'ada: akan zaɓi mutum ɗaya ya zama mai sharar baya, ba ya wuce kowa, ko mutum rarrafe yake sai ya bi bayansa. Baba Piyer ne ya daɗe yana wannan aiki, tsohon kafinta, dogo, siriri kamar sandarsa. Ya ga ni ce rabonsa na bana, ya ce:

"Uwar tukwane, yau kin fito ganin inda abincinki yake zuwa?"

Na ce na fito.

"To, ki taka a hankali. Ni ba ni da sauri, matata ta riga ta rasu."

Abin da na gani a hanyar nan ba shi da yawa, amma nawa ne. Na ga jan dutse mai kaifi da yake cin takalmin roba. Na ga sabara da geza sun rufe hanya har sai ka kare fuska da hannu. Na ga ƙoramar da ta ƙafe, yashinta yana riƙe ƙafa kamar mai roƙo. Na gane cewa waƙar da muke ji suna yi in sun bar zango ba ta daɗewa. Da an fara hawa sai ta mutu, ba ka jin komai sai numfashi da ƙarar sanda, sai wani can gaba ya ja addu'ar gaisuwar Maryamu, na baya su amsa da abin da ya rage musu na murya. Na ga yadda ake huda bororon ƙafa da ƙayar aduwa. Na ga wurin rarrafen da Hajiya ta tambaya, tsakanin wasu duwatsu da suka jingina da juna, na kuwa rarrafa, zanena ya yage. Kuma na ji daga bakin Baba Piyer cewa da yamma masu tafiya ba sa duban hanya, sama suke duba, suna neman hayaƙin murhu. Wanda ya fara hangowa yakan yi guɗa ko namiji ne. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa gaya mini.

A wata ruga muka tsaya shan ruwa. Wata Bafulatana tsohuwa ta ji Hausata ta gane ƴar Arawa ce ni, kun san kuwa tsakaninmu da Fulani akwai wasa. Ta dafa ƙugu ta ce:

"Kai, ga baiwata ta tsere! Wa ya kwance ki? Ina za ki da wannan ƙafa kamar turmi?"

Na ce na zo karɓar shanun ubana da kakanta ya sace.

Ta zage ni, na zage ta, ta kawo nono a ƙwarya ta ce in sha in mutu. Ta kuma shafa mini man shanu a gwiwa da hannunta.

Zangon farko da na biyu abinci ya yi daidai. Ba irin nawa ba ne, gishiri ya ɗan yi gaba, amma mai yunwa bai ce komai ba. Abin ya ɓaci ne a zangon da ke bayan hawa mafi wuya, wani ƙauye mai rijiya ɗaya. Ruwan rijiyar nan zartsi ne. Ana sha in an daure, yana dafa shinkafa, yana turara dambu, amma wake ba ya nuna a cikinsa ko za a ƙone itacen dajin duka. Ni a zangon nan dambu nake yi kullum. Ban taɓa cewa ga dalili ba, domin tun wata shekara can da nisa na gwada na gani, hannuna ya riƙe, bakina ya manta. Sesil ta ga ranar ce mutane suka fi wahala, ta ce bari ta yi musu abu mai riƙe ciki. Ta zuba wake.

Muka iso rana tana faɗuwa, ni da Baba Piyer a ƙarshe. Hayaƙi ya tashi sosai, har an yi masa guɗa daga nesa. Muka tarar da mutane zaune da kwanoni a gaba ba mai ci. Waken yana nan kamar tsakuwa. Tun azahar yake kan wuta, sun ƙone itacen dare da na safe, sun ƙara masa ruwan kogin da aka ɗauko a bido don kunu, bai ji ba. Sesil tana tsaye bakin murhu, idanunta ja saboda hayaƙi. Wasu suka tauna haka nan don yunwa, wasu suka jiƙa garin rogo da ruwan zartsi. Wani saurayi cikin masu ɗaukar gicciye ya ɗaga ƙwayar wake sama ya ce:

"Jama'a, wanda carbinsa ya tsinke ya zo, ga na gyara."

Aka yi dariya irin ta masu jin haushi. Wata mata daga unguwar Lamorde ta ce da ƙarfi don in ji:

"Wasu ƙafarsu ta ƙoshi, mu cikinmu na kuka."

Na je wurin Sesil na ce mata ruwan ne, ba hannunta ba. Ta ce ta gane, tun la'asar ta gane. Na ce ban tuna in gaya mata ba. Ta ce ta sani. Na zauna na taya su kwashe tukwane, sannan na koma wurin masu tafiya na shimfiɗa zanena.

Da safe kunun ya zo tsararo, da ɗanɗanon zartsi. Waɗanda suka ci waken cikinsu ya murɗa, ana tafiya ana ratsewa bayan sabara. Baba Piyer bai ci komai ba tun jiya da rana, ya ce shi haƙoransa na gado ne ba zai ba wake su ba. Hantsi ya yi, muna gangara wani tudu, na ji sandar da ke bayana ta daina ƙara. Na waiga na gan shi zaune a ƙasa, ya jingina da dutse, bakinsa a buɗe. Na yi kira, kira ya bi layi har gaba. Samari suka dawo suka ɗauke shi a zane. Allah ya sa ba nisa da inda hanyar ƙafa take gicciye hanyar amalanke, katashis ya kira shofer, direbanmu, ta waya, kamiyo ya juyo ya same mu ƙarƙashin wata kuka.

Aka kwantar da Baba Piyer a kan buhunan shinkafa, aka ba shi ruwan sukari, ya buɗe ido ya tambayi ina sandarsa. Jama'a duk sun taru a inuwa. Katashis Zozef ya cire hula ya zo gabana. Ya ce matan murhu sun karaya, wasu sun ce ba za su iya abincin ranar dutse ba in ba ni. Ya ce mutane sun fara gunaguni, kuma akwai sauran hanya. Ya nuna bayan kamiyo, inda wurin zamana yake tsakanin babbar tukunya da bidon mai, ba wanda ya zauna a ciki.

"Inna, kin taka. Kowa ya ga kin taka. Allah ma ya gani. Ki hau."

Gwiwata a lokacin ta kai girman ƙwarya. Da na hau, da ba wanda zai ce na kasa, cewa za a yi na ceci tafiya. Na dubi wurin zaman nan, na san shi kamar gadona. Na kuma san in na hau ba zan ƙara saukowa ba.

Na ce, "Ba zan hau ba, Malam."

Sai Sesil ta diro daga mota, ta zo ta kama hannuna ta ja ni bayan kukar, inda ba a jinmu. Ta tsaya tana goge hannu da zane ko da yake ba komai a hannun.

"Yaya, tun ina amarya nake bayanki a motar nan."

"Haka ne."

"Kin taɓa tambayata ko ni ma ina son in taka?"

"Ban taɓa ba."

"Ba ki taɓa ba. Ƙasar uwata ce wannan. Kakata tana cikin waɗanda suka ɗauki duwatsun da aka gina kogon Maryamu da ke saman dutsen. Ni ban taɓa hawa ba. Ina jira ne ki gaji ki ce, Sesil, je ki bana. Sai na ji kin ce ke za ki."



Ta ce, "Ki tafi ki gama. Ni zan riƙe wuta, in sun zage ni na ji. Amma baɗi ke ce a mota, ni a ƙasa."

Na ce na yarda.

"Ki faɗa gaban katashis."

Muka fito na faɗa gaban katashis da duk wanda ke da kunne. Sesil ta juya wurin matan murhu ta yi musu magana da Zabarmanci, gajeruwa, ban ji duka ba, na dai ji ta ce wadda ba za ta iya ba ta sauka ta bi Yaya da ƙafa. Ba wadda ta sauka. Kamiyo ya tashi.

Da aka rasa mai sharar baya, katashis da kansa ya koma bayana. Bai yi mini magana ba har muka kai, sai dai in na tsaya ya tsaya. Sauran mutane ma ba su cika zama kusa da ni a zango ba. Abinci ya gyaru, dambu da shinkafa, ba mai yabo ba mai kuka.

Ranar dutse na fara hawa tun kafin sauran, don kada in tare hanya, amma duk suka wuce ni. Na isa an riga an fara lamesi. Kogon ƙarami ne, an jera duwatsu an shafe da siminti. Siffar Maryamu ba ta fi tsawon taɓarya ba, rana ta cinye shuɗin mayafinta, an ɗaura mata wani ɗan ƙyalle a wuya. Akwai guntayen kyandir ko'ina, akwai iska mai ƙarfi da ba ta barin su ci. Na so in durƙusa gwiwa ta ƙi, sai na zauna na miƙe ƙafa kamar mai tsintar gyaɗa. Ban roƙi komai ba. Na karɓi kominiyo a cikin layi, hannuna ba toka. Da aka watse aka sauko da ni, wani ya riƙe nan wani ya riƙe can. A gindin dutse na tarar Sesil ta ciyar da jama'ar nan duka, har da na ƙauye, shinkafa ta isa har ta yi saura.

Gwiwar ba ta koma ba. Tun daga ranar nake riƙe sandar nan da kuka sani. Ubanku bai ce ya faɗa mini ba, sai dai ya sassaƙa mata mariƙi mai kyau. Na shiga shirin baɗi tun da wuri, na sa aka yi wa babbar tukunya faci, na roƙi shofer ya yi mini matakala. Sesil kuwa ta sayi takalmi mai igiya, ta riƙa zuwa da ƙafa daga Lazare har Harobanda ranar Lahadi don ƙafarta ta saba. Takan iso da gumi tana dariya, ta ce yau ta riga taksi.

A cikin daminar nan labari ya fara zuwa daga yamma. Mutane da bindiga a kan babura, ƙauye kaza an watse, ƙauye kaza an ce su tashi. Dangin Sesil suka fara isowa birni da tabarmi a ka. Da kaka ta zo, Mompe ya tsaya bayan lamesi ya ce bana ba za a shiga daji ba, za a yi ziyarar a filin majami'a, a zaga da gicciye daga safe zuwa la'asar, sai hanya ta gyaru. Muna zaune benci ɗaya ni da Sesil. Ta dubi gaba ta ce a hankali:

"To, Yaya. Baɗin ke nan."

Hanyar ba ta gyaru ba har yau da nake muku wannan magana. Ban san ko rugar nan tana nan ba, ban san ko kogon yana tsaye ba. Abin da kuke gani tsakanina da Sesil kuna cewa gaba ce, shi ne wannan. Ni na hau dutsen, ita ba ta hau ba, kuma a kan wurinta na hau. Muna gaisawa, muna zuwa sunan juna da makokin juna, amma hira ba ta yi mana tsawo. Ke Monik, rubuta wannan da kyau: in hanya ta buɗe ina da rai, ku ɗora ni a mota ko a kwance ne. In ta buɗe ba ni, ɗaya cikinku ta karɓi tukwane, Tanti ta sauka ta taka. Na faɗa gaban katashis, alkawarin ya zama na gidan nan.

Duk shekara ranar ziyarar fili mukan kafa murhu bayan majami'a, ni da ita. In aka ɗaga gicciye aka fara waƙa nakan ce mata ta tashi ta bi su, ni zan tsare wuta. Bara ma na faɗa. Tana zaune da faranti a cinya tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Yaya, ni ba fili na ce miki zan zaga ba. Miƙo mini gishiri."